Gonar da ba ta kai hekta biyu ba, da kwalbar naira miliyan 200

Ranar 13 ga Oktoba, 2018, kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke birnin New York a Amurka ya sayar da kwalba ɗaya ta jar giyar inabi a kan dala 558,000. A canjin wancan lokaci, da dala take wajen naira 360, kuɗin ya ɗan haura naira miliyan 200. Kwalbar ba wata ƙatuwa ba ce, santilita 75 ce, daidai da robar ruwan da muke saya a bakin get. Ba a tashi daga zaman ba sai da aka sayar da 'yar uwarta a kan dala 496,000.

Na san wani zai ce, to mi ya haɗa mujallar ɗaliban Talata Mafara da zancen giya? A kwantar da hankali. Giya haramun ce a Musulunci, kuma malamai sun karantar da mu cewa haramcin bai tsaya kan mai sha kaɗai ba, ya hau kan mai matsa ta da mai sayar da ita da mai dakonta. Jihar nan ce ma ta fara ƙaddamar da shari'a, a Gusau cikin Oktoban 1999, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, kuma doka ta hana cinikinta a nan. Ba wanda nake kira ga wannan sana'a. Gonar da aka samo inabin ce ta tsaya mini a rai. Faɗinta hekta 1.8 ne kacal, kamar filin ƙwallo biyu da rabi. A Gidan Goga da ƙauyukan da ke kewaye akwai magidanta da yawa da gonarsu ta ninka wannan, amma kaka ta zo ta wuce ba su gama biyan bashin taki ba. Ta yaya ɗan fili irin wannan ya sa attajiran duniya ke layi? Mu da ke karanta kasuwanci da akanta da kimiyya, wannan tambaya tamu ce.

Sunan gonar Romanée-Conti. Tana ƙauyen Vosne-Romanée, a yankin Burgundy da ke gabashin Faransa, ƙauyen da mutanensa ba su kai 500 ba. Tun ƙarni na 13 limaman wani gidan ibadar Kirista mai suna Saint-Vivant ke noman inabi a wurin. A 1760 wani ɗan gidan sarautar Faransa, Yariman Conti, ya saye ta, ya kuma hana a kai abin da ta bayar kasuwa, sai shi da baƙinsa. Daga nan sunansa ya manne mata. Bayan juyin juya halin Faransa an ƙwace ta an yi gwanjonta, ta yi ta sauya hannu. Tun 1942 iyalai biyu ne, de Villaine da Leroy, ke riƙe da ita tare da wasu 'yan gonaki a kusa.

Inabi iri ɗaya suke shukawa, baƙi mai siririn ɓawo da ake kira pinot noir. Da hannu ake tsinka, a zauna a tsince, a zubar da duk wanda ya ruɓe ko bai nuna ba. Huɗa kuwa da doki suke yi, don sun ce nauyin tarakta yana danne ƙasa. Ka ji fa. Mu nan saurayi kunya yake ji a gan shi bayan garmar shanu, su kuwa hoton dokin suke ɗauka su nuna wa duniya. Bayan an matse, sai a zuba a gangunan katako masu cin lita 228, ya kwana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa wajen shekara ɗaya da rabi kafin a ɗura. A shekara mai kyau, abin da wannan fili ke bayarwa bai wuce kwalba 5,000 zuwa 6,000 ba. Shi ke nan rabon duniya gaba ɗaya.

Ɗan kasuwar kirki zai ce, tunda ana so, a ƙara mana. A sayi gonar maƙwabci, a zuba taki, a ninka. Nan ne dokar Faransa ta shigo. A 1935 suka kafa tsarin da ke ɗaure sunan kaya da wurin da aka noma shi, kuma a 1936 aka ba Romanée-Conti matsayinta a ƙarƙashinsa. Dokar ta shata iyakar fili a taswira, ta faɗi irin da za a shuka, ta kuma sa iyaka ga yawan abin da za a ɗiba daga kowace hekta. Inabin da aka tsinka a tsallaken 'yar hanyar da ta bi gefen gonar, ko da taku goma ne tsakani, ba shi da ikon ɗaukar wannan suna. Haka suka yanyanka tsakiyar yankin nasu gida-gida, filaye 1,247 kowanne da sunansa da iyakarsa, har hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015. A duk Burgundy, sunaye 33 ne kawai ke sahun farko. Wato ƙarancin kayan ba tsautsayi ba ne, tsara shi aka yi, kuma akwai hukumar da ke tsaron sa.

Shin da gaske ƙasar wurin ta bambanta? Akwai ƙamshin gaskiya. Gonar tana tsakiyar gangaren da ke fuskantar gabas, tana shan hantsi, ƙarƙashinta farin dutse ne irin wanda ake yin siminti da shi, ruwa ba ya kwanciya. Duk wanda ya tashi gidan noma ya san wannan ba tatsuniya ba ce. A gona ɗaya akwai kusurwar da dawa ke yin kai kamar me, akwai inda ko ka zuba buhun taki sai a hankali. Manomi ya san bambancin laka da jigawa tun bai iya karatu ba. Amma a ganina ƙasa ba ta isa ta bayyana tazarar farashi mai ninki ɗari ba. A 1976 wani Bature ɗan Ingila mai shagon giya a Paris, Steven Spurrier, ya tara ƙwararrun Faransa, ya ba su na Faransa da na Kalifoniya ba tare da sun ga kwalaben ba. Da aka tattara maki, na Kalifoniya ne suka zo na ɗaya, a ja da fara duka. Harshe dai ya kasa rantsuwa a kan abin da ido bai gani ba.

Sai maganar tsufa, wadda ita ce ta mayar da abin sha ya zama kayan ajiya. Mu ma muna da misalinta a goro. Ɗan goro ya san sabon goro daban, daushe daban, kuma wanda ya iya ajiya, yana sauya ganye yana cire mai tsutsa, shi ke cin riba idan kaya ya yanke. A inabi, ƙwayoyin yis ne ke cinye sukarin su mayar da shi barasa. Launin ja daga ɓawo yake fitowa, haka ma wani sinadari mai bauri irin wanda ke kama baki in ka tauna ɗanyen goro. Wannan baurin da tsamin inabin su ke hana abin lalacewa da wuri, kuma cikin shekaru suna sassautawa, ƙamshi ya sauya. Mafi yawan giyar da ake yi a duniya ba ta jure wannan, 'yan shekaru kaɗan ta mutu. Ƙalilan ne ke kai shekara 30 ko 50, shi ma sai an ajiye su a kwance, cikin duhu da sanyi. Kuma kowace shekara da irin nata, don damina ba ta maimaita kanta. Shi ya sa suke rubuta shekarar girbi ɓaro-ɓaro a jikin kwalba. Duk ranar da wani ya buɗe ɗaya, na wannan shekarar sun ragu ke nan har abada.

Kwalbar da muka fara da ita ta shekarar 1945 ce, kuma labarinta ya fi na sauran. Tun wajejen 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, phylloxera, ya shigo Turai daga Amurka ya kusa ƙarar da gonakin inabinsu. Maganin da aka samu shi ne a yi wa itacen aure, kamar yadda muke yi wa mangwaro: saiwa ta Amurka mai jure ƙwaron, kai na Turai. Masu Romanée-Conti suka ƙi, suka ci gaba da lallaɓa tsofaffin itatuwansu da maganin da ake ɗura wa ƙasa. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa maganin ya yanke, gonar ta yi rauni. A 1945 ganga biyu kawai aka samu, kwalba 600. Bayan girbin aka tumɓuke itatuwan duka, aka sake dashe a 1947, ba a ƙara fitar da komai da wannan suna ba sai 1952. Wanda ya biya dala 558,000 ya sayi ɗaya daga cikin na ƙarshe da tsohuwar gonar ta haifa, a shekarar da yaƙi ya ƙare.

To amma ta ina ya san ita ce? Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta takarda ce. A jikin kowace kwalbar gidan ana buga adadin kwalaben da aka samu a shekarar, da lambar wannan kwalbar a cikinsu, da sa hannun masu gidan. Ta 1945 ɗin kuma daga ma'ajiyar Robert Drouhin ta fito, wanda gidansu ya daɗe yana dillancin kayan wannan gona, don haka an san inda ta kwana tun fitowarta. Masu gwanjon sun yi ƙiyasin ba za ta wuce dala 32,000 ba. Aka saye ta ninki 17. Wannan rarar kuɗin amana ce, ba na ɗanɗano ba, don mai yiwuwa ma ba za a taɓa buɗe ta ba.

Inda kuɗi irin wannan yake, ɗan algus ba ya nisa. Wanda ya fi shahara shi ne Rudy Kurniawan, ɗan Indonusiya da ke zaune a Kalifoniya. Ya shigo harkar yana matashi, yana kashe miliyoyin daloli a gwanjo, yana gayyatar manya cin abinci, har suka laƙaba masa Dakta Conti saboda yawan kwalaben gidan da yake fitarwa. Ashe a kicin ɗinsa yake haɗa su. Sai ya sami tsofaffin kwalabe da aka shanye, ya gauraya masu araha har ɗanɗano ya yi kusa, ya manna takardar da ya buga ya tsufar da ita. Ƙwararru suka sha suka yaba. Abin da ya tona shi ba harshen kowa ba ne. A watan Afrilun 2008 ya kai wasu kwalabe gwanjo a New York da sunan wani ƙaramin gida na Burgundy, Domaine Ponsot, an rubuta musu shekaru daga 1945 zuwa 1971, wai daga filin Clos Saint-Denis. Mai gidan, Laurent Ponsot, ya san gidansu bai fara yin giya daga wannan fili ba sai 1982. Ya hau jirgi ya je zauren da kansa, aka janye kayan. Daga nan bincike ya kankama. A watan Maris na 2012 jami'an FBI suka shiga gidan Kurniawan suka tarar da tarin takardun manna wa kwalba da hatimai da kwalabe a jiƙe cikin ruwa. A 2014 kotu ta ɗaure shi shekara 10, aka kuma mayar da shi ƙasarsu a 2021. Ɗan uwa mai karanta akanta, ka lura: littafin da wani manomi ya riƙe da kyau ne ya kama mutumin da ya yaudari masu biliyoyi.

Kada wani ya ce ai su shekara 700 suka yi suna gina suna. Akwai wadda ta yi a shekara goma. Wata dillaliyar filaye, Jean Phillips, ta sayi gona a kwarin Napa na Kalifoniya a 1986, tana sayar wa wasu inabinta. Sai ta ware ɗan ɓangaren da ya fi kyau ta fara yin nata da sunan Screaming Eagle. Na farko, na shekarar 1992, bai kai katan 300 ba. Wani mai sharhi da ake jin maganarsa a lokacin, Robert Parker, ya ba shi maki 99 cikin 100. Ba ta kai shi kanti ba, sai wanda ya rubuta sunansa a jeri, kuma jerin ya cika har mutane na jiran shekaru. A 2000 aka sayi babbar kwalbarta mai lita 6 a kan dala 500,000 a wani gwanjon taimako. A 2006 ta sayar da gonar, kuma cikin masu sayen akwai Stan Kroenke. E, shi dai, mai Arsenal. 'Yan Gunners na hostel sai ku san inda wani ɓangare na dukiyar mai gidanku yake.

Suna yana da nasa haɗarin. A farkon 2010 wani ya aika wa masu Romanée-Conti taswirar gonarsu, gindi bayan gindi, da saƙon cewa in ba su ba shi yuro miliyan ɗaya ba zai sa wa itatuwan guba. Ya ma riga ya sa wa biyu don su san da gaske yake. 'Yan sanda suka ɗana masa tarko da jakar takardu a maƙabartar wani ƙauye da ke kusa, suka kama shi. Su sau ɗaya abin ya faru, har aka rubuta littafi a kai. Mutumin ƙasar Maradun ba ya bukatar a fassara masa wannan labari. Akwai garuruwan da ba a shuka sai an biya, ba a girbi sai an sake biya, kuma ba wanda ya ɗana wa kowa tarko. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, na san yana rataye ne a kan wannan.

Ita kanta kasuwar tara kwalaben ba abin sha'awa ba ce ko da an cire maganar haramci. Da yawan masu saye ba sa ko ganin kayan, yana can a sito a Landan ko Hong Kong, takarda ce ke sauya hannu. Suna saye ne don wani zai zo ya saya da tsada. Farashin ya yi ta hawa har zuwa 2022, daga nan ya juyo ƙasa, waɗanda suka shiga a makare suka ji a jikinsu. Wannan ɓangaren su riƙe abinsu. Abin ɗauka shi ne yadda aka ɗaure suna da wuri, aka rubuta ƙa'ida, aka sa mai tsaro.

Mu ma fa muna biyan kuɗin suna

Alhaji in ya dawo da dabino, tambayar farko ita ce, ajwa ce ta Madina? In aka ce e, an san kuɗinta daban, an kuma san akwai wadda ake sa wa sunan alhali ba ta taɓa ganin Madina ba. Kakanninmu sun yi tafiyar watanni don goron Gwanja. Yau ma ana cewa albasar Aliero, raken Maƙarfi, doyar Zaki Biyam. A kasuwa za ka ji mai saye ya ɗaga buhu ya ce, wagga ta ina ta? Ke nan tunanin ba baƙo ba ne gare mu. Abin da babu shi ne wanda zai hana ni zuba albasar ko'ina a buhu in rantse ta Aliero ce.

Mun taɓa yin asarar suna mai girma a wannan yanki. Fatar jar akuyar Sakkwato tana cikin mafi kyau a duniya, ga laushi ga ƙarfi, tana karɓar rini. Ɗaruruwan shekaru majema na jeme ta a Kano da Sakkwato, fatake na ketare Sahara da ita. Da yake ta tashoshin Arewacin Afirka take shiga Turai, sai Turawa suka kira ta fatar Maroko, suka yi ta yi wa manyan littattafansu bango da ita. Har yau da wannan suna aka san ta a can. Akuyar tamu, wahalar tamu, sunan na wanda ya tsaya a bakin teku.

Maƙwabtanmu na Nijar sun kusa cin irin wannan tuwo, amma suka farka. Galmi gari ne a jihar Tawa, tsakanin Ƙonni da Madawa, ba nisa daga iyakar Illela. Albasarsa mai launin shuni-shuni ce, ga yaji ga jure ajiya, ana lodinta zuwa Ghana da Kwaddibuwa da sauran ƙasashen gaɓar teku. Sai wani kamfanin iri da ke Senegal ya nemi a yi masa rajistar mallakar irin da sunan Violet de Galmi, sunan da aka san albasar da shi a Faransanci. Da an ba shi, jikokin waɗanda suka tace irin da hannunsu sai sun nemi izini a kan abin gidansu. Manoma da gwamnatin Nijar suka yi ca, kamfanin ya janye daga sunan. Daga baya Nijar ta kai maganar hukumar OAPI, wadda ke kula da haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasashe 17 na Afirka daga hedikwatarta a Yawunde, aka yi wa albasar Galmi rajista a matsayin kayan da sunansa ke ɗaure da wurinsa. Haka aka yi wa kilishin Nijar. Mu ma muna yin kilishi, wallahi mai kyau, amma su ne ke da takarda. Kafin su, a 2013, masoron Penja na Kamaru da farar zumar Oku da kofin Ziama-Macenta na Gini ne suka fara samun wannan matsayi, kuma farashin masoron a hannun manomi ya ninka bayan haka. Tsarin da Faransa ta ƙirƙiro don giyarta ne, aka ɗauko shi aka ɗora a kan albasa da nama da zuma.

Inabin ma kansa ana noma shi a Arewa, don kada a ɗauka sai ƙasar sanyi. Ƙaramar hukumar Kudan a jihar Kaduna, kusa da Zariya, ta yi suna a kansa, kuma na ci ne, ana sayar da shi ɗanye. Sai dai in ya iso tire a bakin titi, ba abin da ke nuna maka na Kudan ne ko wanda aka shigo da shi daga waje.

Yanzu mu dawo gida. Madatsar ruwan Bakalori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, an gina ta ne don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, ta shayar da hekta wajen 23,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. An biya ta da tsada, don a 1980 an zubar da jinin manoma a Birnin Tudu a kan rikicin diyyar gonakin. Ka auna, hekta 23,000 a gefe guda, 1.8 a ɗaya gefen. Ana noma shinkafa rani da damina, ga masara, ga dankali, ga kayan miya. Amma ka taɓa shiga kanti a Gusau ko Abuja ka ga buhun da aka rubuta wa shinkafar Bakalori, da sunan ƙungiyar da ta noma, da shekarar girbi? Yawanci samfarera ake sayarwa da kaka, lokacin da kowa ke neman kuɗi kuma farashi ya faɗi. Dillali ya loda, a kai manyan injinan casa na wasu jihohi, a haɗe da ta ko'ina, ta fito cikin buhu mai sunan kamfani. Wani lokaci ta dawo mana nan mu saya. Labarin fatar Maroko ne da sabuwar riga.

Ba ina cewa buhun shinkafa zai taɓa yin kuɗin kwalbar can ba. Shinkafa abinci ce, talaka ke ci, ba kuma a ajiye ta shekara 70. Amma ko kashi 10 cikin 100 aka ƙara wa manomi a buhu saboda mai saye ya yarda ba tsakuwa, ba gauraye, awo ya cika, wannan kuɗin makarantar wani ne a cikinmu. Najeriya ba ta cikin OAPI, sai dai dokar alamun kasuwanci ta 1965 ta ba da damar yin rajistar alamar da ke shaida asalin kaya ko ingancinsa, a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja. Kayan da aka sarrafa aka ɗura a leda kuma yana bukatar lambar NAFDAC. Waɗannan duk takardu ne, ana iya bin su.

Mai wuyar yana cikin gida. Sai manoma 30 ko 50 sun zauna sun yarda a kan iri ɗaya, Faro 44 ne ko jamila, ba a cakuɗa ba. Sai sun yarda a kan inda iyakarsu ta tsaya, da yadda za a shanya, a kan tamfol ba a gefen kwalta ba. Sai an sami littafi da ke nuna gonar wane, buhu nawa, ranar kaza, kuma lambar da ke littafin ita ce a jikin buhun. Sannan sai an sami wanda zai iya duban ƙanin babansa ya ce, Baba, naka bai shiga ba bana, da danshi. Faransawan can suna zubar da inabin da bai yi ba don suna da abin da za su ci kafin baɗi. Wanda ke jiran kuɗin buhu biyar don ya yi wa iyali cefane ba zai ji daɗin a mayar masa da biyu ba, kuma yana da gaskiyarsa. Shi ya sa ƙungiyar da ba ta da sito da ɗan jarin da za ta ba mamba rance kafin a sayar, ƙa'idarta ba za ta kai kaka biyu ba.

Ga waɗanda ke biye da mu, da ba su riga sun zaɓi maudu'in furojet ba, ga aiki nan kwance a ƙofar makaranta. Maimakon a kwafo babi biyar na wani daga intanet, mutum ya ɗauki littafi da biro ya shiga kasuwar Mafara ranar Talata huɗu a jere. Ya bi buhu 20 na shinkafa, ya rubuta gonar da kowanne ya fito, nawa aka biya manomi, hannu nawa ya bi, wace mota ta ɗauka, wane gari ta nufa. 'Yan ɗakin gwaji su ɗebi samfuri su auna danshi da yawan tsakuwa da karyayyar ƙwaya. 'Yan akanta su fitar da abin da ya rage wa manomin bayan an cire taki da kuɗin ruwa da leburori da dako.